Kabarin Kakanmu Mai Hayaƙi

Shekarar da kalanzir ya gagari talaka, na ja abokaina muka hau dutsen ƙauyenmu, ina zuba musu tarihi kamar a gabana aka yi. Da muka iske wani dogon tudun ƙasa, na tuɓe takalmi na ce, "Ku nutsu, kabarin kakanmu ne, shi ya kafa garin nan."

Muna tsakiyar addu'a sai hayaƙi ya fara fitowa. Abokina Sale ya ce, "Innalillahi! Me kakan naku ya aikata?"

Muka arce, ni a gaba. Ashe itace wani ya binne yana ƙona gawayi.

Har yau in za a dafa shayi, Sale cewa yake, "Jikan Gawayi, sam mana kakanka."