Rasuwar Kwayil Mai Tsayawa a Gindin Kashu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har ta rasa inda za ta zuba sauran, ni Muntaka mai jigilar doya a Lafiya, a madadin a-kori-kurata da duk abin da ke ƙarƙashin bonetinta, ina sanar da 'yan'uwa, direbobin hanyar Obi, da kanikawa masu tsoron Allah, idan akwai su, rasuwar amininmu Kwayil. Ya cika ne cikin wani kwali a bayan garejin Orshi bakanike, bayan doguwar jinyar da watsi ya jawo masa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, shi ne baƙin gwangwanin nan da ke maƙale a gefen inji, mai karɓar 'yar wutar batir ya ƙara mata ƙarfi, ya aika wa fulogai su kunna mai. Ba a san ƙasar haihuwarsa ba. Na tarar da shi a cikin motar lokacin da na saye ta a 1998, kuma tun a ranar na ga alamar dattako a tare da shi. Bai taɓa neman mai ba, bai taɓa neman yabo ba, ko wanka bai dame shi ba.

Lalurarsa ɗaya ce, zafin jiki. Duk ranar da muka bar Lafiya za mu Obi ɗaukar doya, da mun kai gindin wata bishiyar kashu sai zazzaɓi ya rufe shi. Ya ce "tuf, tuf, tuf-tuf," sai shiru. Maganin kuwa sananne ne: a jiƙa tsumma da ruwan sanyi a naɗa masa har ya huce. Ruwan da ke wurin kuma guda ne, na randar Iyatu, bazawara mai gasa masara a bakin titi.

Jama'a sun san ni, bakina nauyi gare shi. Tun rasuwar matata ban iya tsayawa gaban mace na haɗa magana mai kai da gindi ba. Marigayin ne ya zame mini wakili. Shi ke tsayar da ni, shi ke ba ni abin faɗa. Da farko yakan huce kafin na gama cin masara ɗaya. Da ya lura hira ta soma daɗi, sai ya koma ba ya hucewa sai na ci biyu. Har Iyatu ta yage gefen tsohon zaninta ta yi masa tsumma nasa na kansa, tana rataye shi a reshen kashun. Maganar aure tana bakina, kullum ina cewa sai tafiya ta gaba, shi kuma bai taɓa gajiya da ba ni tafiya ta gaba ba.

Ajali ya shigo ta ƙofar kunne. 'Yan tasha suka sa ni gaba da tsiya, wai kunkuru ya fi motata alƙawari. Ina cikin jin haushin haka Orshi ya ja ni gefe ya ce, "Oga Muntaka, wannan mota naka yana da fawa, ƙarfi sosai, kwayil ne yana kashe shi. Bari ni sa maka na resin, irin na motar tsere, ko jirgi ba zai kama ka ba." Na yarda, don na ɗauka mace za ta fi ganin girman mai motar da ba ta mutuwa. Orshi ya aske kan inji, ya sa kafireto mai baki biyu, ya fasa salansa, sannan ya ciro marigayin da ransa da lafiyarsa ya jefa a kwali. A gurbinsa ya ɗaura wani jan kwayil mai ƙyalli, jikinsa duk rubutun da shi kansa Orshi bai iya karantawa ba.

Ba zan yi wa sabon ƙarya ba, yana aiki. Abin da na tsana game da shi ke nan. Ba ya zafi, ba ya tari, ba ya duba fuskar ubangidansa. Ranar farko muka wuce gindin kashun da rugugin da ya watsa kajin ƙauyen. Ta madubi na hango Iyatu tsaye, tsumman a hannunta, ta riga ta jiƙa shi.

Masu ta'aziyya za su tambaya ko motar ba ta da birki ne. Tana da shi, sabo ma. Amma mutum ya tsaya ya ce me, alhali mota lafiyarta lau, kuma Orshi ya gama shelanta wa duk hanyar Obi cewa ba ta ƙara mutuwa? Sau ɗaya na kashe makulli da gangan, gudun da take yi ya kai ni can gaban wani mai gawayi, wanda ba shi da ruwa, ba shi da fara'a.

Daga nan labarai suka soma iso ni. Mata masu doya suka ce Iyatu ta ce, "Malam Muntaka ya zama babban mutum, yanzu da hon yake gaisuwa." Wannan magana ta yi mini ciwo ƙwarai. Sai kuma aka ce lagireton tsohuwar bas ɗin Babandi direba ya koyi tafasa, kuma duk faɗin jihar Nasarawa bai ga wurin tafasa ba sai gindin kashun nan. An ga tsumman marigayin a kan murfin lagireton. An kuma ji Babandi yana tambayar hanyar gidan kawun Iyatu.

Na garzaya gareji na ce a mayar mini da aminina. Muka tarar da kwalin a ƙarƙashin indararo, damina ta gama da shi, kansa ya tsage, mansa ya tsiyaye. Orshi ya haɗa masa waya, ko ƙyas bai ce ba.

Marigayin ya bar fulogai huɗu, distiribita ɗaya da tsufa ya kama, batir mai yawan mantuwa, tsumma guda da ke hannun wanda bai cancanta ba, da kuma ni. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Za a binne shi ranar Asabar bayan la'asar, a gindin kashun da ya fi ƙauna. Ayari zai tashi daga garejin Orshi a giya ta ɗaya, kuma shi Orshi ne zai haƙa ramin, tun da ya saba. An ɗauke wa Babandi wahalar zuwa. Ana roƙon Iyatu ta karɓo tsumman, ta jiƙa shi, a naɗe marigayin da shi kamar yadda ya saba.

Wannan ce tsayawa ta ƙarshe da zai samar mini, kuma ba ni da wani kwayil ɗin da zan binne mako mai zuwa. Saboda haka, Iyatu, idan jama'a sun watse kada ki kashe garwashin. Ki gasa mini masara biyu, akwai magana.