Yadda Ake Kafa Buri Mai Tsarki Ba Tare da An Gyara Ƙofar Mama Ba

Hantsi ne, hadari ya haɗu amma ya rasa ko ya zubo ko ya fasa. Daidai lokacin maganar buri ke nan. Fasto ya ce ranar Lahadi kowane matashi zai miƙe gaban ikilisiya ya faɗi abin da zai yi da rayuwarsa don ɗaukakar Ubangiji. Kada gabanka ya faɗi. Bi hanyar yayana, wanda ake kira Sai-Gobe, na ba ka tabbacin za a tafa maka ba ka ɗaga ko tsinke ba.

1. Zaɓi burin da ba mai iya dubawa

Ƙofar ɗakin Mama ta ɓalle daga sama, tana reto. Gyaranta ba buri ba ne, don kowa zai ga ko ka yi ko ba ka yi ba. Yaya ya zaɓi kai bishara ga mazauna ƙarƙashin teku. To, wa zai nutsa ya bincika?

2. Sa komai cikin addu'a

Mama ta ce, "Kai Sai-Gobe, akuyar maƙwabci ta shigo ta cinye mini rabin littafin waƙoƙi. In Lahadi ta zo ƙofar nan tana haka, ni ma zan miƙe in ba da shaida a kanka, gaban yarinyar mawaƙan nan da kake washe wa baki."

Ya ce, "Mama, ina addu'a a kai."

Mai addu'a ba a aikensa. Runtse ido da kyau. In minshari ya kuɓuce maka, ka ce nishi ne na ruhu.

3. Kafa hujja

Yaya ya ce, "Mama, kin taɓa ganin tsuntsu da guduma? Amma Ubangiji na ciyar da shi."

Ta ce, "Tsuntsu shi ke gina sheƙarsa, raggon banza."

A nan ka yi shiru. Ba kowace hujja ce ke dawowa gida lafiya ba.

4. Gwada aikin tun a gida

Ranar Asabar Yaya ya tsoma kai cikin bokitin ruwa yana wa'azi, don ya saba da wurin aiki. Akuya ta tsaya tana kallo. Ya ƙidaya ta cikin waɗanda suka tuba, tunda waƙoƙi sun riga sun shiga cikinta.

5. Karɓi abin da ya zo

Ranar Lahadi Yaya ya faɗi burinsa, aka tafa. Sai Mama ta miƙe. Yaya ya fara auna nisan taga.

Ta ce, "'Yan'uwa, ku taya ni godiya. Ɗana ya gyara mini ƙofa, bai ko faɗa mini ba."

Yaya bai san zancen ba, amma amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi. Yarinyar mawaƙa har ta yi murmushi.

Gargaɗi: in ka bi matakan nan uwarka ta tone ka, ko ka shaƙi ruwan bokiti, ba ruwana, kada ka zo ƙofarmu. Ba kowa ke da maƙwabci irin namu mai gyaran keke ba. Lokacin da kan Yaya ke cikin bokiti ya shigo neman akuyarsa, ya ga ƙofa, ya koma ya ɗauko guduma da ƙusa, ya buga, ya ja akuya ya fita.

Yau da safe Mama ta tare maƙwabcin a bakin hanya, ta wanke shi tas kan littafin waƙoƙinta. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Mama," ya ci gaba da hura wa taya iska.