Yaƙin Injiniya Tasi'u da Kazar Gwaggo Tabawa

Da ambaton nasaba ake buɗe tarihin mazaje, don haka ga ta. Shi ne Injiniya Tasi'u ɗan Barau magini, jikan Gwadabe mai ɗora rumbu kan duwatsu, tattaɓa-kunnen Nomau wanda ya taɓa gitta giginya a kan rafi jama'a suka haye lafiya, in ban da mutum biyu da jaki. Sadaukin awo, Dodon tsatsa, ma'abocin hular kwano ruwan ɗorawa, wanda ya shekara ashirin da uku a ma'aikata bai taɓa kai rahoto a makare ba ko da yini guda. Wannan ita ce alfarmarsa a duniya, da ita yake yi wa abokan aiki gori har sun gaji da ji.

To ku sani, gada ba ta zama kai tsaye a kan ginshiƙanta. Akwai matashi da ake sa mata a tsakani, wanda injiniyoyi ke kira biyarin, domin in rana ta gasa ta takan miƙe, in sanyi ya sauka ta takure. Akwai na roba mai fallayen ƙarfe a ciki, akwai mai siffar tukunya, akwai mai birgima kamar taɓarya a kwance. Mai dubawa zai leƙa ko ya tsage, ko ya kumbura, ko tsatsa ta ci shi, ya auna gocewarsa, sannan ya rubuta zafin wurin a daidai lokacin. In babu zafin, awon ya tashi a banza.

Ranar Laraba da hantsi, ana gobe wa'adin rahoto, rundunar Tasi'u ta sauka a gadar Kwanar Gawo, wato shi da direbansa Malam Sallau. Kafin azahar gwarzon ya ci matasai goma sha ɗaya da yaƙi, babu wanda ya ɗaga masa kai. Saura na sha biyu, can cikin wani matsattsen lungu a ƙarshen gadar, saman rumfar Gwaggo Tabawa mai dafa-duka. Da ya haska tocila, sai ga annobar zamani, fitinar da littattafan jami'a ba su ambata ba: jar kaza kwance kan ƙwai goma sha huɗu, ta jingina da matashin gwamnati, tana kallonsa da ido ɗaya.

"Yallaɓai, rubuta lafiya lau mu tafi mana," in ji Sallau. "Sha ɗaya sun yi kyau, wannan ne zai ɓaci?"

"Haram! Ni na Barau, abin da ban auna ba ba na rubuta shi!"

Gwaggo ta leƙo daga rumfa. "Kai ɗan nan, duk abin da za ka yi, kar ka tashe min ita ƙwan su huce."

Sai sadauki ya tsuke ɗamara, ya ja ciki ya kutsa lungun, ya ajiye ma'aunin zafi a gefen matashin don ya daidaita, wani ɗan fari kewayayye mai hatimin ma'aikata, wanda ba ta da na biyunsa. Abokiyar gaba ta buɗa fuka-fuki, ta kumbura ta ninka girmanta, ta kai masa sara a bayan hannu. Ya zabura, hular kwano ta daki cikin gadar da ƙarar da ta sa awaki watsewa a ƙetaren rafi, ya janye da baya cikin hikima da dabara, yana salati.

A hari na biyu ya ari faifan Gwaggo ya yi garkuwa da shi. "Sai ni Tasi'u, ƙarfe ya san ni!" Sara na sauka kan faifai kamar ruwan farko kan kwano, gumi na shiga masa ido, wandonsa ya yage daga baya, amma da hannu ɗaya ya miƙa abin awo, ya karanta gocewa milimita huɗu, ya shafa robar ya ji babu tsaga. Ya fito da gashin kaza a gemu, Sallau na tafi, direbobin tirela suka bar cin abinci suna jinjina.

Ya ɗauki biro zai rubuta zafi, ya laluba aljihu, sai ya tuna ya baro ma'aunin a lungu. Ya sake haskawa. Yana gani kazar ta sa baki ta mirgina ma'aunin ƙarƙashin cikinta, ta gyara kwanciya a kan ƙwai goma sha biyar.

Ya yunƙura zai kai hari na uku, sai ya tarar da Gwaggo tsaye a bakin lungu da ludayi. "Wallahi ya isa haka. Saura kwana tara ta ƙyanƙyashe, ka dawo ka karɓi naka."

Ranar Alhamis, Dodon tsatsa ya zauna a ofis da takardar neman ƙarin lokaci, irin wadda ya shekara ashirin da uku yana yi wa wasu dariya a kanta. Ya daɗe yana neman kalma mai martaba da zai sa a gurbin dalilin jinkiri, bai samu ba. A ƙarshe ya share ƙwalla, ya rubuta: Kaza.