Babban Mutum Ba Ya Amsa Kiran Farko

Wani mutum ne a garinmu Gombe, Sallau Tanimu, amma ana ce masa Sallau Na-Sama. Cazar waya yake sayarwa a bakin kasuwa, amma in ya buɗe baki sai ka rantse a cikin jirgin sama aka yanke masa cibi. Dubai bayan gidansu ce. Caina kuwa har ya gaji da shinkafarsu. In jirgi ya gifta, sai ya ɗaga kai, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Wannan matuƙin na san shi, hannunsa da nauyi wajen sauka."

Gaskiyar magana, sau ɗaya tak ya taɓa hawa, daga Gombe zuwa Abuja, ranar da wani ɗan takara ya rasa mai riƙe masa jaka. Dawowa ma a mota ya yi. Mu da muka sani muka ja bakinmu, don ƙaryar Sallau ba ta taɓa hana kowa barci ba. Sai da ta faɗa kan surukinsa.

Surukin nan, Malam Maiwada, dattijo ne mai ɗinkin hula, uban matar Sallau, Ladidi. Ciwon ido ya kama shi har ya ajiye allura, ya koma gane mutane da murya. Likitocin gida suka yi iya yinsu, suka ce sai Indiya. 'Ya'yansa suka yi ta fafutuka har aka ba shi ranar ganin likita a can, tare da gargaɗin cewa in ranar ta wuce sai ya koma ƙarshen layi, idon kuwa ba jira zai yi ba. Tsoho ba ya yawan magana, amma kowa ya san abin da ke ransa. So yake ya sake zura zare a allura da kansa kafin ya mutu.

Ana shawarar wanda zai raka shi, Sallau ya bugi ƙirji, dum!

"Ina raye a nemi ɗan rakiya? Ai Indiya ni da ita sai dai gaisuwa."

Ladidi ta ji daɗi har da rangaɗa guɗa. Ejan da ya yankar musu tikiti ya ba su shawara su bi jirgin safe zuwa Abuja, inda za su hau na Indiya da daddare, don jiragen gida ba su da alƙawari, ga shi kuma masu jirgin waje suna son fasinja ya iso da kamar awa uku, kuma suna rufe awon kaya tun kafin lokacin tashi.

Sallau ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, kai sayar da tikiti kake yi, mu hawa muke yi. Awa uku a filin jirgi, gadi aka ba ni? Mayar mana da shi na rana."

Ba komai ya sa ya ƙi na safe ba illa 'yan rakiya. Da sassafe 'yan majalisarsu ba su fito ba, wa zai ga babbar rigarsa?

Ranar tafiya kuwa aka gan ta. Shadda ta sha guga tana ƙarau-ƙarau, ga tabarau, ga turare kamar an fasa kwalba. Aka yi hotuna har 'yan rakiya suka gaji suka watse. Jirgin da aka ce azahar bai leƙo ba sai da la'asar ta yi sanyi.

"Malam Sallau," in ji tsoho a hankali, "anya ba mu makara ba?"

"Baba, kwantar da hankalinka. Jiragen nan duk suna waya da junansu. Na can ya san muna hanya."

Suka sauka Abuja rana na shirin faɗuwa. Sallau ya ja surukinsa zai wuce, sai ya hangi jakarsu tana zagaye a kan bel ɗin fito da kaya ita kaɗai. Shi a zatonsa kaya da kansu suke sauya jirgi. Ya wayance, ya ce dama gwada su yake yi ya ga ko suna da amana. Ya saɓi jaka, suka shiga neman ɓangaren jiragen waje. Tambaya kuwa ba zai yi ba, wai kada a raina shi. Su bi nan, su ɓullo can, su sake bin nan.

"Malam Sallau, wannan ƙamshin gasasshen naman mun wuce shi ɗazu."

"Reshe ne da su, Baba. Ko'ina akwai."

Da ƙyar da jiɓin goshi suka isa wurin awon kaya. Babu kowa a layi, ma'aikaciyar har ta miƙe tana rataya jakarta. Ta dubi Sallau za ta ce an rufe, sai idonta ya faɗa kan tsoho yana lalube da sanda. Tausayi ya kama ta. Ta koma ta zauna, ta karɓi kayan, ta miƙa musu katin shiga.

"Don Allah ku yi sauri, an fara shiga. Kada ku tsaya ko'ina."

Nan fa kan Sallau ya ƙara girma. Ya raɗa wa surukinsa, "Ka gani, Baba? Har ta rufe, tana ganina ta buɗe."

Aka buga musu fasfo, aka caje su, suka faɗo wani makeken zaure mai sanyi, ga kantuna ga fitilu. Duk wanda ka gani sauri yake yi. Sallau kuwa ya hangi wurin shan shayi mai kujerun laushi, ya ce ai ba a shiga jirgin Indiya da yunwa. Ya zaunar da tsoho, ya harɗe, ya sa a kawo shayi da kek.

Kofi bai kai bakinsa ba lasifika ta yi ƙara, ƙiiit! Wata murya ta yi Turanci ratata, a tsakiya ta ce, "Mista Salau Tanimu, Mista Mewada."

Tsoho ya zabura. "Ba mu ake kira ba?"

Sallau ya lumshe ido, daɗi kamar ya kashe shi. Shi iyakar saninsa da lasifika wurin biki ne da taron siyasa, inda ba a ambaton sunan mutum sai in ya isa.

"Mu ne, Baba. Sanarwa suke yi cewa mun iso. Haka suke min duk zuwa."

"To ba ma tashi ba?"

"Haba Baba! Babban mutum ba ya amsa kiran farko. Kana zabura yanzu sun gane baƙauye ne."

Malam Maiwada ya ji abin bai kwanta masa ba. Amma mijin 'ya ne, akwai kunya a tsakani, ga shi shi ke riƙe da ido da fasfo. Sai ya ci gaba da murza sanda.

Aka sake kira. Wannan karon Sallau har miƙewa ya yi, ya ɗaga wa jama'a hannu hagu da dama, don su san mai sunan. Wata mata ta ce masa, "Alhaji, in kai ne, ka ruga!" Ya ce, "Na gode, Hajiya, kowa da irin tafiyarsa." Ya koma ya ƙarasa kek ɗinsa, ya suɗe yatsu.

Sai a kira na uku ya ce, "Yauwa, yanzu suka cika ladabi." Ya saɓa riga, ya kama hannun tsoho, suka taho ɗaya-ɗaya kamar masu rakiyar ango. Ko da suka isa ƙofa, tana rufe ruf. Wani ma'aikaci na tattara takardunsa.

"Buɗe mana. Ni ne Sallau da kuke ta kira."

"Mun daina ai," in ji ma'aikacin. "Ga jirginku can."

Ta cikin gilashi sai ga jirgi yana ja da baya a hankali. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Girma ya faɗi warwas. Sallau ya yi wurgi da tabarau, ya manne da gilashi yana duka, bam! bam! Ya sa yatsu a baki ya yi fito.

"Direba! Tsaya! Saura mutum biyu!"

Mutane suka taru. Masu dariya na yi, masu ɗauka a waya na yi. Jirgi ya juya musu wutsiya ya kama gabansa. Can sai ga jakarsu an turo ta a kan amalanke, an sauke ta tun kafin a rufe ƙofa.

Malam Maiwada ya lalubi kujera ya zauna. Ranar likita ta tafi, ya sani. Da ya buɗe baki, kunyar surukuta ta riga ta kama hanyar Indiya.

"Sallau. Tsakaninka da Allah, ka taɓa fita ƙasar nan?"

Sallau ya share gumi, murya ta koma kamar ta sauro.

"Baba, na taɓa leƙa Kamaru. A bayan babur."

Daidai nan wayar tsoho ta yi ƙara. Ladidi ce, muryarta har waje ana ji.

"Baba, kun shiga? Allah ya sa a dace, idon nan ya buɗe!"

"Ya buɗe, 'yar nan," in ji tsoho. "Tun a Abuja ya buɗe tar. Yau na ga mutumin da na ba ki."