Mista Idwal Ya Yi wa Gaɓa Kwalliya

Duk garinmu babu wanda ya kai Mista Idwal Pritchard ƙaunar tsohon cocin nan na kan tsibiri. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma ba sau ɗaya ba. Shi ne shugaban kwamitin ceto cocin. Masunta na kiransa Gagara-Teku, yana amsawa har da ɗaga hula.

Teku dai ba ta san da muƙaminsa ba. Kowane hunturu sai ta gutsuri gaɓar tsibirin, har ya rage taku bakwai ta taɓa bangon coci. Shekara uku ana roƙon hukumar kayan tarihi ta gina katangar tare ruwa. Daga ƙarshe aka ce wata jami'a za ta zo ta ga ɓarnar da idonta.

Mista Idwal ya kasa zaune ya kasa tsaye. Baƙuwa daga babban birni ta tarar da cocinsa haka, gaɓa duk giɓi? Kwana huɗu a jere, da ruwan teku ya janye hanyar duwatsu mai zuwa tsibirin ta bayyana, sai ya tsallaka da baro. Ya cike ramuka, ya shimfiɗa ɗanyar ciyawa a kai, ya miƙar da duwatsun kaburburan da suka karkace, har furanni ya dasa.

Tsohuwa Mair, mai riƙe da makullin coci, ta ce, "Idwal ɗan nan, likita ne fa zai zo duba ciwo, kai kuma kana shafa masa hoda?"

"Goggo, ku ba ku san tarbar manya ba."

Ranar Talata jami'ar ta iso da takalmin roba. Ya tarbe ta da jawabi.

"Ranki ya daɗe, tun da na karɓi ragama, ko ƙwayar yashi ba ta barin tsibirin nan sai da izinina!"

Mair ta buɗe baki za ta yi magana, ya ce a kawo wa Goggo shayi. Jami'ar ta ɗauki hoton furanni, ta tsallake kafin ruwa ya dawo.

Bayan mako biyu wasiƙa ta zo daga hukumar. Sakin layi na farko ya yaba wa Mista Idwal: ba su taɓa ganin gaɓa mai ƙoshin lafiya haka ba. Na biyu ya ce saboda haka an kai katangar wani ƙauyen da ya fi buƙata.

Ya sa aka yi wa wasiƙar firam, ya rataye a falo. Da yake firam ɗin ƙarami ne, sai aka naɗe rabin ƙasan.