Rasuwar 'Yar Ƙofa, Mai Shaidar Lokacin Zuwa Aiki

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, Baba Maigadi yake sanar da ma'aikata, na sama da na ƙasa, rasuwar 'Yar Ƙofa, na'urar nan da kowa ke dangwala wa yatsa da safe.

Marigayiya ba ta san ƙarya ba. Dogon lissafi take ɗaukowa daga cikin kwamfuta, lambobi jere kamar tururuwa, waɗanda ko manaja bai san kansu ba, ta warware su, ta ce ga rana, ga wata, ga ƙarfe kaza. In ta yarda da kai ta ce "ƙit". In ba ta yarda ba, "tiii". Tun da aka kafa ta, ba ta taɓa rubuta Baba a cikin masu makara ba.

Lafiyarta ƙalau har ranar da surukin manaja, mai yawo da jaka a baya, ya ce yadda take rubuta kwanan wata ya tsufa. Ya buɗe rubutun cikinta ya yi ta tone-tone. Washegari ta tashi tana sa wata a gurbin rana. Da aka ƙara kwana, ta ƙara awa guda a kan gaskiya. Baba da ke buɗe ƙofa tun kafin masu shara su iso, sai ga shi an kira shi ofis, an yi masa faɗan makara a gaban sa'annin 'ya'yan cikinsa, an ce in ya kuma, ya ajiye makulli. A ƙarshe ta rantse kowa ya zo aiki ran ɗaya ga Janairu, 1970, ta yi shiru.

Ta bar waya biyu, ƙusa huɗu a bango, da dattijo guda da aka zubar wa mutunci.

Baba bai yafe ba, kada ma a turo masa masu ba da haƙuri.

Za a sauke ta gobe da hantsi a kai ta ɗakin tarkace. Wanda ya kashe ta shi zai ɗauke ta a ka, ta gaban kowa. Ana karɓar gaisuwa a bencin bakin ƙofa. Kafin a sayo wata, manaja ya ce Baba ne zai riƙa faɗin lokacin da kowa ya iso. Ana shawartar suruki ya kwana a nan.