Na'urar da Ke Jiran Carbi

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da na yanke wa wata na'ura hukuncin mutuwa ba, alhali lafiyarta ƙalau.

Wata biyu ke nan da ɗaukata aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Dutsin-Ma, ni ne mai kula da kwamfutoci. Injiniya ake ce min (ban taɓa gyara wa kowa zancen ba). A kusurwar ɗakin akwai tsohuwar na'urar awon ruwa, haɗe da kwamfutar da ta girmi ƙanwata. Mai kula da na'urar Malam Isiyaku ne, dattijo ɗan Kurfi. Kullum sai ya kunna na'urar, ya zaro carbi ya ja a tsanake, sannan ya kunna kwamfutar. Ina kallonsa ina dariya a ciki. Har na taɓa ce masa, "Malam, ai na'ura ba ta san tasbihi ba." Murmushi kawai ya yi.

Ranar Litinin ya tafi bikin suna a garin Barkiya. Na ga dama ta samu, na tattara wayoyinsa, na haɗa na'ura da kwamfuta a soket ɗaya, makunni ɗaya. Ƙyas, komai ya tashi tare. Na tafi gida ina jin na kawo ci gaba.

Washegari Hajiya Binta ta shigo. Malamar firamare ce mai karatun digiri na biyu, wata uku tana jigilar ruwan dam ɗin Zobe a kwalabe, kuma ran Alhamis za ta miƙa sakamako. Ta zuba wa kwalaben magani, ruwan ya yi shuɗi, ta ce idan azahar ta wuce ba a auna ba launin zai dushe, wahalarta ta tashi a banza.

Na danna makunnina da isa. Kwamfuta ta ce ba ta ga na'ura ba.

Na canza kebul. Na hure bakinsa. Na canza ramin da ake soka shi, na canza saurin aika saƙo, na kashe na kunna ya fi sau goma (duk da makunnin nan guda). Gumi ya jiƙa min riga. Da dabara ta ƙare, sai na gyara murya na ce, "Hajiya, gaskiya ƙwaƙwalwarta ce ta ƙone. Wannan sai dai a sayar wa 'yan gwangwan."

Ta zauna ta zuba wa kwalabenta ido. Kallon nan da take musu ya fi min zagi ciwo.

Sai ga sallamar Malam Isiyaku, da ƙurar hanya a takalminsa. Ya dubi soket, ya dube ni.

"Wa ya gama su wuri guda?"

"Ni ne, Malam. Don sauƙi."

"To, madalla."

Ya raba su. Ya kunna na'urar ita kaɗai, ya zaro carbi. Tana ta ƙugi tana ƙyaf-ƙyaf da fitila, shi yana ja. Da ya zagaye sau uku ta yi tsit, ya kunna kwamfuta. Nan take lambobi suka fara zubowa.

"Injiniya," ya ce a hankali, "in ta tashi sai ta duba jikinta tukuna, ba ta amsa ma kowa. Ita ko kwamhutar sau ɗaya take sallama, in ba a amsa ba ta yi hushi ke nan. Ni ba ni da agogo, shi ya sa nike awo da carbi."

Hajiya ta auna kwalabenta tas kafin kiran salla. Da za ta fita ta ce, "Malam, Allah Ya saka da alheri. Injiniya, a gaida 'yan gwangwan."

Tun ranar ba na taɓa abin da na tarar tsoho yana yi sai na tambayi dalili. Na kuma sayi carbi. Yanzu har ana cewa na zama ustazu, ni dai na san na'ura nake jira.